Wata Yarinya Ce Ta Ce In Tambaye Ka

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ɗalibanka da maƙwabta. Baba, yaya ƙafar? Na san idan aka bar ka da ƙwayoyin nan sai sun tsufa a cikin leda. Ga wasu na ba direban da ke kawo mana kaya kantin magani ya miƙa maka: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan cin abinci. Da kunnenka yana jin waya, da kullum sai na kira na bincike ka. Amma tunda ka ce murya a waya kamar ƙuda a cikin kwalba take yi maka, sai mu ci gaba da takarda.

Mu nan lafiya lau. Cikin ya shiga wata bakwai, ina ta aikina, ba abin da ke damuna. Abban yarinya yana can wurin aikinsu na jan layin lantarki, sai Asabar yake zuwa, ya koma Lahadi.

Jikarka ce dai ta sa ni a gaba. Sati uku ke nan, kullum gari ya waye sai ciwon ciki. Da na ɗauko kayan makaranta sai ta naɗe a kan kujera ta riƙe cibiya. Da ta tabbata an rufe ƙofar makaranta sai ciki ya lafa, ta biyo ni kanti, ta zauna a kan kwalin auduga tana kallona kamar an ba ta gadina. Na ba ta maganin tsutsa, na kai ta an ɗebi jini, an yi hoton ciki. Likita ya juya takardun ya ce, "Wannan yarinya ta fi ni lafiya." Na ce mata, "To kin ji, gobe sai makaranta." Ta ce, "Umma, ai likita ba a cikin cikina yake zaune ba." Ka ji bakin 'yar shekara tara. Wannan kai ta gado, ba ni ba.

Ga wata takarda ta ba ni in sa maka. Ta naɗe ta da salatif zagaye uku, ta ce ba a yarda kowa ya buɗe ba sai Malam. Na ce, "Kakanki?" Ta ce, "Malam na ce."

Ka sa mu a addu'a. Ka huta lafiya.

Autarka.

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau da kyau. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Yau ba a matsayin kakana nake rubuto maka ba. Lokacin da na zo hutu na ga mutane suna kawo maka tambaya a takarda kana rubuta musu amsa, har ni nake miƙa maka. To ni ma na kawo.

Wata yarinya ce ta ce in tambaye ka. Ba ka san ta ba. Ta ce shin ya halatta mutum ya ce cikinsa yana ciwo sosai alhali kaɗan yake ciwo, idan yana da babban dalili? Kuma idan ya faɗa sau goma sha biyar, zunubi ɗaya ne ko goma sha biyar?

Tana jiran amsa da gaggawa. Ka manne bakin takardar.

Wadda aka aiko, jikarka.

*

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga jikata, Uwar-tambaya,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuh. Takardarki ta iso, kuma sai da na nemi wuƙa kafin na kai ga abin da ke cikinta. Na yaba da tsarin tambayar, domin akwai masu gemu da ba su iya tsara tambaya haka ba.

Ki isar wa wadda ta aiko ki da amsa kamar haka.

Mas'ala ta farko. Ƙarya ita ce faɗin abu saɓanin yadda yake, da gangan. Ƙara wa abu girma don a yaudari mai sauraro yana shiga cikinta, domin abin lura shi ne abin da aka so a dasa a zuciyar wanda ake yi wa magana. Malamai sun yi rangwame a wurare 'yan kaɗan, kamar kuɓutar da rai da sulhu tsakanin masu gaba. Ƙin zuwa makaranta ba ya cikinsu, kuma ban san wani malami da ya sa shi ba.

Mas'ala ta biyu. Kowane faɗi yana da nasa hukunci, kamar yadda kowane taku yake da nasa sawu. Sai dai ƙofar tuba a buɗe take, sharuɗɗanta kuwa su ne barin abin, da nadama a kansa, da niyyar ba za a koma ba. Abin ya fi nauyi idan wadda aka gaya wa uwa ce, kuma tana ɗauke da juna biyu, ga aiki, ga zirga-zirgar asibiti a kan ciwon da babu shi.

Ki gaya wa yarinyar nan ta ɗaure jakarta ta tafi neman ilimi, domin kasala ba ta taɓa gina gida ba. Allah shi ne mafi sani.

Ki gaida mahaifiyarki. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki.

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Baba, don Allah me ka rubuta wa yarinyar nan?

Washegarin da takardarka ta zo, ta tashi ta shirya da kanta, ba ciwon ciki, ba komai. Na ce kai, Baba ya yi da alƙalami abin da kanti guda na magani ya kasa. Har na yi wa abokiyar aikina alfahari.

Ranar Laraba da hantsi ina auna wa wata tsohuwa maganin tari, na ɗaga kai, sai ga fuskar jikarka a manne da gilashin kanti, hancinta ya baje. Ashe lokacin tara aka buɗe ƙofa don motar burodi, ta bi bayanta ta fice, ta tsallake babban titi ita kaɗai. Na fito da gudu na ce, "Lafiya? Me ya faru?" Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ba komai, na zo in gan ki ne." Ta juya za ta koma, kamar mai duba aikin gini. Ranar Alhamis ta sake.

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Mace ce mai kirki, amma ranar ba wasa a fuskarta. Ta ce, "Maman yarinya, maigadi ya kusa rasa aikinsa a kan 'yarki. Ta riga ta yi fashin kwana goma sha biyar. Idan ta sake fashi ko ta sake ficewa ko sau ɗaya kafin ƙarshen zango, ba za ta zauna jarrabawa ba, sai ta maimaita aji huɗu." Na ce, "Ranki ya daɗe, ita ce fa ta biyu a ajinsu." Ta ce, "Shi ya sa na kira ki, ban aiko da takarda ba."

Saura sati bakwai zango ya ƙare. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi alkawarin keke. Duk a banza. Yarinyar da sai na roƙe ta ta rufe baki in ji labarai, yanzu gidan shiru kamar an ɗauke wuta. Ga doguwar sallah, sai ta idar ta zauna tana lissafi da yatsu. Jiya ta tambaye ni istigfari nawa ne ke goge goma sha biyar. Na ce goma sha biyar ɗin me? Ta ce tsakaninta da Malam ne.

Tunda tsakaninku ne, sai ka kwance abin da ka ɗaure. Ni dai lafiyata lau. Ka huta lafiya.

Autarka.

*

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga jikata abar ƙaunata,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Bayan haka, ina neman ki kai wa yarinyar nan saƙo, ki ce mata Malam ya yi kuskure, yana neman afuwarta.

Malamin da ya karantar da ni, Allah ya jiƙansa, ba ya amsa tambaya ɗaya sai ya yi wa mai ita tambaya uku. Muna matasa muna ganin ɓata lokaci ne. Shekara arba'in ina bin tafarkinsa tare da baƙi, sai ga shi na saki a kan takardar da ta fi kowace kusa da zuciyata. Na sake karanta tambayar bayan sallar la'asar, na ga kalmomi biyu da idona ya tsallake: babban dalili. Na amsa tambaya, na bar mai tambaya a tsaye. Na kuma kira abin kasala ba tare da hujja ba, wannan kuwa zato ne, ni ya kamata in yi istigfari a kansa.

Ki gaya mata abu biyu. Na farko, tsoro yana murɗa ciki murɗawa ta gaske, ko da likita bai ga komai a hoto ba. Wanda tsoro ya kama ya ce cikinsa na ciwo, ba maƙaryaci ba ne. Yana nuna inda abin ya taɓa shi ne, bai san sunansa ba tukuna. Na biyu, Allah ya fi kowa sanin zuciyar yaro, kuma ya fi uwa tausayinsa. Ta daina lissafi da yatsu, ta yi sallarta daidai da ta kowa, ta je ta yi wasa.

Yanzu ga tambayoyina uku. Mene ne babban dalilin? Yaushe ya fara? Kuma me take tsoron zai faru idan ta zauna a aji har aka tashi?

Abin da ta rubuta amana ne a wurina, ba zan buɗe wa kowa ba sai da izninta. Salatif zagaye ɗaya ya isa, hannuna ya tsufa.

Allah ya sanyaya zuciyarki da tata.

Kakanki.

*

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Ta ce ta yafe maka, amma kada ka sake.

Kaka, ni ce yarinyar. Na san ka yi mamaki.

Ya fara ne wata ranar Litinin da na dawo daga makaranta. Na shiga ɗakin ajiya na bayan kanti in ajiye jakata, sai na tarar da Umma zaune a kan kujerar roba, ta ɗaura abin awon jini a hannunta, yana ƙara, tana kallon lambobin tana hawaye. Da ta gan ni sai ta fizge shi ta tura bayan kwali, ta yi dariya, ta ce ƙura ce ta shiga idonta. Kaka, ɗakin nan babu ƙura, kullum sai an goge shi. Na ce, "Umma, me ya same ki?" Ta ce, "Ba komai."

Akwai wata a ajinmu, kujerarta tana gaban tawa. Bara mamanta ta tafi asibiti haihuwa ba ta dawo ba. Ta gaya mini ita ma kowa ce mata yake ba komai, har ranar. Tana cikin aji aka zo aka ɗauke ta.

Abba ba ya nan sai Asabar. Idan Umma ta faɗi a ɗakin ajiya wa zai gani? Abokiyar aikinta kullum tana kan waya. Shi ya sa nake gadi. Na haddace lambar Abba gaba da baya. Ina yawo da ƙwayar sukari uku a aljihu saboda na ji ana ba wanda ya suma, har tururuwa ta gano ni. Idan ina cikin aji, ba na jin abin da malama take faɗa, sai in ga kamar an buɗe ƙofa an kira sunana. Sai cikina ya ƙulle.

Ba na son in maimaita aji huɗu. Waɗanda ke aji uku yanzu ko jadawalin bakwai ba su iya ba. Amma idan aka ce in zaɓa, Umma zan zaɓa.

Kada ka gaya mata. Idan ta san na sani za ta ƙara damuwa, jinin ya ƙara hawa.

Jikarka.

*

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata, autata,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fatan ke da mai gidanki kuna cikin kariyar Ubangiji. Ƙwayoyin sun iso, kuma ina sha, direba shaida ne.

Bayan haka, yarinya ta ba ni amana, ba zan buɗe ta ba, kada ki tambaye ni. Abin da zan iya gaya miki shi ne ba ta da kasala, ba ta da rashin kunya, kuma babu wanda ya cuce ta a makaranta. Ki janye faɗa, ki janye maganar keke.

Ke nake son tambaya. Na ɗauko takardunki na watannin nan na jera su a kan tabarma. A cikin kowace kin ba ni labarin ƙafata, da direba, da likita, da shugabar makaranta, har da tsohuwa mai tari. Labarinki kuwa kalma uku ne: ni lafiyata lau. Na san wannan jimla, domin a bakina kika koye ta. Na kuma san cewa tun kina ƙarama, idan barkwancinki ya yi yawa, akwai abin da kike zaune a kansa.

Shekara arba'in mutane suna kawo mini damuwarsu a rubuce, ban taɓa jin ta yi mini nauyi ba. Ban ga dalilin da zai sa a ce ta ɗiyata ce za ta karya ni ba. Tsufa ya taɓa ƙafata da kunnena, bai taɓa matsayina na uba ba.

Saboda haka ina tambayarki tambayar da ba ta gaisuwa ba: yaya kike?

Allah ya raba ku lafiya.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune.

To Malam, wata mata ce ta ce in tambaye ka. Ita ma ba ka san ta ba. Tana sayar da magani, tana yi wa mutane wa'azin kula da lafiya daga safe har yamma. Shekara huɗu da suka wuce ta rasa ciki a wata na takwas saboda hawan jini. Ka tuna, ka zo ka ce ta yi haƙuri, ta kuwa yi. Yanzu jinin ya fara hawa kamar wancan karon. Likita ya ce an gano da wuri, akwai magani, za a sa ido, kuma ya ce ta rage aiki. Ba ta rage ba, domin idan ta zauna shiru tunani yake cin ta. Sau shida a rana take shiga ɗakin ajiya ta auna, kowane awo kuma tsoron awon ne yake ƙara ɗaga lambar.

Ba ta gaya wa mahaifinta ba saboda tsufansa. Ba ta gaya wa mijinta duka ba saboda a kan turakun lantarki yake wuni, ba ta son hankalinsa ya rabu. Ba ta gaya wa 'yarta ba saboda yarinya ce. Ta duba gidan kaf ta ga kowa yana da uzuri.

Tambayarta ita ce: idan mutum ya yarda da ƙaddara, kuma yana jin tsoro ƙwarai, imaninsa ne ya yi rauni? Ita ba ta taɓa ganin mahaifinta ya yi hawaye ba, ko ranar da aka fita da mahaifiyarta.

Baba, ina jin tsoro. Ga shi na rubuta.

Autarka.

*

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga wanda ya halicci zukata, ya san abin da suke ɗauke da shi.

Zuwa ga ɗiyata da jikata, a haɗe,

Aminci ya tabbata a gare ku. Wannan takarda ba a karanta ta a tsaye, ba a karanta ta a kanti. Ku zauna wuri ɗaya bayan la'asar, ƙarama ta karanta da ƙarfi, babba ta saurara.

Tunda ya zama al'adar gidanmu kowa yana da wanda ya aiko shi, ni ma wani tsoho ya ce in faɗa muku. Ranar da matarsa ta rasu ya tsaya a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, yana ba masu kuka haƙuri, har mutane suna cewa ga dutse. Ba su san cewa wata uku ya yi yana shiga ɗakin littattafansa ya rufe ƙofa, ya buɗe littafi a gabansa don kada a gane, yana kuka har takarda ta jiƙe ba. Ya ɗauka yana koya wa 'ya'yansa haƙuri. Ashe ɓoyo ya koya musu, suka iya shi fiye da shi, har suka koyar da nasu.

Ga amsar da ya kamata ya bayar tun tuni. Haƙuri shi ne kada harshe ya yi wa Ubangiji ƙorafi, kada hannu ya aikata abin da ya hana. Ba a ce ido kada ya zubar ba, ba a ce zuciya kada ta buga ba. A cikin annabawa akwai wanda ya yi kukan ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma ba a cire shi daga sahun masu haƙuri ba. Tsoro baƙo ne da ke shiga gidan mumini da na waninsa. Bambancin shi ne mumini yana da inda zai kai ƙara, yana kuma da 'yan'uwan da aka umarce shi ya nemi shawararsu.

Kowace a cikinku ta ba ni rabin magana amana. Na duba na ga rabin nan da wancan abu ɗaya ne aka tsaga. Ba zan buɗe ba. Amma ina roƙon kowace ta ba 'yar'uwarta nata rabin da bakinta, yau, kafin magariba. Babba ta fara.

Bayan haka ga abin da nake so ku riƙe. Kullum bayan la'asar ku zauna kwata ɗaya na awa. Kowace ta faɗi abu ɗaya da ya dame ta a ranar, da abu ɗaya da ya faranta mata. An haramta "ba komai" a wannan zama. Abin da aka faɗa na damuwa a dube shi: idan akwai abin da hannu zai iya, a sa wanda zai yi da lokacin yinsa, abin da ya fi ƙarfin hannu a ɗaga hannun a miƙa wa Mai shi, a tashi a shiga wata hidima. Idan ya dawo da safe, a ce masa ya jira la'asar, yana da lokacinsa. Ranar Asabar a sa mai gidan a zaman, a gaya masa duka. Wanda ke hawa turakun lantarki ba zai kasa ɗaukar magana ba.

Ɗiyata, ki bi umarnin likita kamar yadda kike so in bi naki. Ki tafi da yarinya awo na gaba, ta yi masa tambayoyinta da kanta. Allah ya ba shi juriya.

Ni ma ga nawa na yau. Abin da ya dame ni: ina tsoron haihuwar nan kamar yadda kuke tsoro, ina ambatonku a kowace sujada. Abin da ya faranta mini: ina da mutum biyu da suka fi son su ɗauki kaya su kaɗai da su ɗora wa juna. Niyyar ta yi kyau, dabarar ce ba ta yi ba.

Allah ya haɗa mu da alheri.

Mahaifinku, kakanku.

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sati uku muna ta aikin da ka ba mu.

Ranar farko kwatan awan da ka ce ya zama awa biyu. Na faɗi nawa, ta faɗi nata, muka yi kuka, sai ta zaro sukari daga aljihu ta ce in sha kada in suma. Da na ga yadda ya narke ya haɗu da zare da gawar tururuwa, dariya ta kama ni har sai da maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ce, "Lafiya, ko haihuwar ce?"

Na kai ta wurin likita. Ta shiga da takarda mai tambaya goma sha ɗaya. Ta bakwai ita ce, "Idan kai ne kake da cikin, za ka ji tsoro?" Ya cire tabarau ya ce, "Sosai ma. Shi ya sa zan riƙa shan maganina." Ya nuna mata lambar da ke da kyau da wadda ake zuwa asibiti a kanta. Yanzu awo sau biyu ne a rana, safe da yamma, ita ke ɗaura mini, ita ke rubutawa. Na koma aikin rabin yini. Abokiyar aikina ta yi rantsuwa a gaban jikarka cewa za ta riƙa leƙa ni, sai da aka sa ta maimaita.

Abbanta da ya ji duka sai ya ce, "Wato ni kaɗai ne ba a ba aikin gadi ba?" Ya nemi a dawo da shi kusa na wata biyu, an ba shi. A zamanmu na farko da shi ya ce abin da ke damunsa shi ne sanƙo ya fara kama tsakiyar kansa. Jikarka ta duba ta ce wannan ya fi ƙarfin hannu, a miƙa wa Mai shi.

Na gaya wa shugabar makaranta gaskiya. Sharaɗinta yana nan, amma ta ce idan cikin ya ƙulle, yarinya ta ɗaga hannu ta ce wa malama "ina jin tsoro", a bar ta ta sha ruwa ta ja numfashi a baranda. Sau huɗu ta yi a satin farko, sau ɗaya a na jiya. Ba ta fita ba.

Sai dai ga inda gwajin yake. Likita ya ce ranar Litinin za a kwantar da ni, a sa ido har in sauka, kuma satin ne na ƙarshe kafin jarrabawa. Kwana biyar za ta yi a aji ina asibiti. Na gaya mata da bakina. Ta ce, "Umma, ina jin tsoro." Na ce, "Ni ma." Ta ce, "To mu rubuta wa Kaka ya ji nasa."

Mun rubuta. Ka huta lafiya.

Autarka.

*

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauri saboda direba yana jira.

Ranar Alhamis muna cikin darasin lissafi aka buɗe ƙofar aji aka kira sunana. Malama ta riƙe hannuna muka fita tare. Abba ne a baranda, ya sa rigarsa a bai-bai, yana dariya. Namiji ne. Umma lafiya, har ta ci abinci ta yi faɗa a kan an manta mata da silifas.

Abba ya ce in ɗauko jakata mu tafi. Na ce saura darasi biyu, ya jira ni a bakin ƙofa. Ya jira.

Jarrabawa Litinin. Umma ta ce ka shigo motar direba ranar Asabar, an gyara maka ɗaki. Ka zo ka ga ƙanina. Kowa yana cewa da Abba yake kama, amma ni na duba bakinsa da kyau, babu haƙori ko ɗaya. Kai ne sak.

Jikarka.